Sawu Marar Yatsu

Washegarin sadakar uku na shiga ɗakin ɗana Souley, na ɗaga kai na ga gwangwanin babu. Gwangwanin biskit ne mai shuɗin murfi, shekara shida yana saman kabad, ba mai taɓa shi sai mai shi. Baƙar kujerar katako da ke zama jikin taga an jawo ta gaban kabad ɗin. A kanta akwai sawu guda, fari fat kamar an zana da alli. Ƙafar dama ce, da dunduniya, da tafi, amma babu yatsa ko ɗaya.

Ni ce Safiatou 'yar Damagaram. Shekarata sittin da bakwai, ashirin a ciki a unguwar Harlem, nan ƙetaren teku, na ƙarar da su ina kitso da wanke tukwanen wasu. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Fatsuma maƙwabciyata ke rubuta wannan, ni ke faɗa, kuma na gaya mata in ta sassauta mini kalma ɗaya ban yafe ba. So nake a karanta shi a taron ƙungiya, waɗanda suka yi ta yawo da baki su ji yadda aka yi.

Souley gadi yake yi a wani gidan tarihi, a zauren da aka jera gumakan mutanen Girka na da. Awa takwas kullum yana tsaye cikin fararen duwatsu, wannan ba kai, wannan ba hannu, wancan an gutsure masa hanci. Tun yana dawowa yana ba ni labarinsu har ya fara sayen 'yan hotunansu a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi, bugun tsohuwar takarda, kowanne bai fi tafin hannu ba. Talatin da uku ya tara. In ya sayo sai ya jiƙa ƙaro ya haɗa tawada irin ta gida, ya fiƙe alƙalamin kara, ya cika bayan hoton da ajami.

"Inna, zauna in karanta miki wannan."

"Kai da gumakanka tsirara. Ka kai su can, ina da aiki."

Haka muka yi shekara shida. Ran Talata, cikin sanyin Fabrairu na dubu biyu da sha biyar, ya faɗi a matakalar sabwe, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuciya ta tsaya, yana da shekara talatin da huɗu. Safiyar nan ta bayan sadakar uku da na shiga ɗakinsa, gwangwanin na je ɗauka in nemi mai karanta mini. Ba hotunan nake nema ba. Abin da ke bayansu nake nema, maganar ɗana da na ƙi saurara.

*

Ihuna ya tara matan bene. Shafa'atu mai abinci, wadda ta riƙe mana tukunya tun ranar rasuwa, ita ta fara leƙa kujerar. Ta ja da baya tana salati.

"Gwaggo, wannan ba ƙafar bil'adama ba ce."

"To ta ubanwa ce?"

"Ai gumakan nan ba su da yatsu, duk sun gutsure. Tafiya suka yi, sun bi mai su."

Wata ta ce a'a, mamacin ne ya dawo ya ɗauki kayansa. Wata ta ɗauko tsumma za ta goge. Na fizge shi, na ɗauko tasar wanka na kife a kan sawun, yadda ake yi a gida in ɓarawo ya bar ƙafa a bakin turke.

Kafin azahar magana ta cika titin ɗari da sha shida. Mata suna cewa aljanu ne, maza suna cewa Mang ne. Mang abokin aikin Souley ne, Kirista, mutumin Jos, shi ma yana tara irin hotunan, kuma ya zo gaisuwa ranar uku ya zauna cikin maza a ɗakin. Saani mai tasi ya rantse da kabarin ubansa cewa ya ga yadda Mang ke kallon saman kabad.

Malam Abdulai ƙanin mijina marigayi, wanda ya wanke Souley da hannunsa ya kuma ja masa salla, ya zo ya zauna nesa da ni yana jan carbi.

"Ki bar maganar nan, Yaya. Ko wa ya ɗauka, ya rage wa yaron nauyi."

Ban ga komai a maganar ba, don duk wanda ya shigo ranar haka ya ce. Takarda ce, gumaka ne, ki yi haƙuri. Wani ya ce in kira polis. In ce musu me? An sace mini wasiƙar da ban iya karantawa ba?

Na ja mayafi na fita.

*

Yacouba yana da wani ɗan lungu tsakanin shagon tela da na mai sayar da katin waya, inda yake gyaran takalma. Kafin ya zo ƙasar nan, shekara talatin ya yi yana bin sawun raƙuman sata a dajin Tanut. Sa'ana ne, tare muka tsufa a titin nan, ban taɓa raga masa ba.

"Sarkin Sawu, tashi. An yi mini sata."

Bai ɗago ba. "Na ji. Allah ya jiƙan Souley. Amma Safiatou, ƙasar nan ba ta riƙe ƙafa. Siminti ne, mutum dubu ya wuce kamar ba a wuce ba. Na bar wannan aikin a inda na bar raƙuma."

"Ka bar shi ko ya bar ka?"

"Duk ɗaya."

"Na kife tasa a kai."

Sai ya ajiye basilla. Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ya koya miki?"

"Uwata. Kana tsammanin a Harlem aka haife ni?"

Ya rufe lungunsa ya biyo ni.

A ɗakin ya sa aka buɗe labule. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗaga tasar. Ya daɗe yana kallo ta gefe, kuncinsa kusan a kan kujerar. Ya dangwali bakin sawun da yatsa ya kai harshe.

"Gishiri."

"Gishirin me?"

"Wanda ake watsa wa titi don ƙanƙara ta narke. Mutane sun tuɓe takalma a bakin ƙofa, ruwan ya tsiyaya ya kwanta. Wani ya taka ruwan, ya shigo, ya hau nan. Da ya bushe ya yi fari. Ki gaya wa matan benenku aljani ba ya taka gishirin gwamnati."

Ya koma wajen dunduniyar. Na ga ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa. Bakinsa yana motsi kamar mai ƙirga wani abu. Fuskarsa ta sake.

"Ka san shi," na ce.

"Na san mutum ne mai nauyi, ba yaro ba. Ya hau a hankali, ya sauka a hankali. Ɓarawo ba ya hawa haka."

"Suna nake so, Yacouba."

"A wurinmu mai bin sawu ba ya kiran suna. Yana bi har bakin ƙofa, ya tsaya, ya kira dattawa. Kuma kafin ya kai can sai ya share duk ƙafar da mutane suka laƙaba wa wani. In ba haka ba, ko an kama mai laifi, zargi yana nan manne da marar laifi."

"Kafin ka gama sharar an ƙone mini su."

Ya mayar da tasar. "Da ƙonawa za a yi, da an ƙone tun jiya. Ki ba ni zuwa sadakar bakwai."

Na zage shi har bakin matakala. Bai waiwayo ba.

*

Wurin Shafa'atu muka fara zuwa, don an ga ta fita ranar uku da gwangwani a hammata. Muka same ta tana yankan albasa a bayan shagonta. Da ta ji abin da ya kawo mu ta cire ɗankwali ta buga a ƙasa.

"Ni? Kwana huɗu ina kan murhu saboda ɗanki, Gwaggo, sai a ce ni?"

"An gan ki da gwangwani."

Ta shiga ta fito da shi ta dangwarar a gabana. Jan murfi ne, cike da daddawa da yaji. Wari ya bugi Yacouba har ya yi atishawa.

"Ga gumakan nan, ku kwashe!"

Yacouba ya ce, "Huce, 'yar nan. Kin shiga ɗakin ranar?"

"Sau biyu. Da safe Malam ya ce a juya hotunan bango su kalli gini kafin a fara saukar Alƙur'ani, don mala'iku ba sa shiga inda ke da hoto. Na juya na Souley na aiki da na babansa. Da yamma kuma na miƙa wa Malam babbar jaka ya zuba tufafin mamaci na sadaka. Ban ko ɗaga kai sama ba. Ni da ko kujera na hau ba zan kai kabad ɗin nan ba."

Gaskiya ne, gajeriya ce kamar turmi. Yacouba ya dubi ƙafarta cikin silifa, ƙunshi har idon sawu, ya ce ta yafe mana. Ni ban ce ta yafe ba, hankalina yana kan Mang. Fatsuma, rubuta yanzu: Shafa'atu, ki yafe ni.

*

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Da hantsi, in gida ya yi tsit, hita mai ɗumama ɗaki ta fara ƙwanƙwasawa kamar ana taɓa ƙofa, sai in ji akwai mutum a ɗakin. Ba tsoro nake ji ba. Sai in gan shi ta wutsiyar ido, tsaye jikin bango, hannu a baya, yadda yake tsayuwa a wurin aiki. In na juyo, rigarsa ce a rataye. Nakan ɗaga tasar in kalli sawun. Yacouba ya ce gishiri ne, na kuma yarda, amma wani lungu na zuciyata yana cewa shi ne ya zo ya kwashe, tunda kin ce ya kai su can.

*

Ran Asabar muka hau sabwe zuwa unguwar Tremont, gidan Mang. Ya buɗe ƙofa, ya gan ni, ya rusuna har ƙasa.

"Mama, sannu da zuwa. Na san za ku zo. Jiya na je sayen nama a wajenku, ba wanda ya amsa mini gaisuwa."

"Kawo hotunan."

Bai yi musu ba. Ya ɗauko wani kundi ya buɗe a kan tebur. Ga mace mai fiffike marar kai, iska na kaɗa mata zane. Ga mai lanƙwasa jiki zai jefa faifai. Duk na san su, na sha ganinsu a kan gadon ɗana.

"Ga su nan! Yacouba, ga su!"

Yacouba ya zaro ɗaya ya juya bayansa. Fari. Ya juya na biyu, na uku, har ƙarshen kundin. Babu ɗigon tawada.

Mang ya ce, "Tare muke zuwa kasuwar, Mama. In mun ga biyu, shi ɗaya ni ɗaya. In ɗaya ne, faɗa muke yi kamar yara, kullum shi ke ci. Amma nasa ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Ba nawa ba ne, ba ma nasa ba ne. Naki ne."

"Nawa kamar yaya?"

"Na tambaye shi me yake rubutawa da wannan rubutun naku. Ya ce wasiƙu ne ga Inna. Ya ce ranar da kika gaji da zaginsa za ki zauna ya karanta miki duka."

Na ja kujera na zauna.

Yacouba ya ce Mang ya tuɓe takalmi. Ya tuɓe. Safa ce ta ulu mai kauri, babban yatsa ya leƙo ta huji. Mang ya yi dariyar kunya yana ɓoye shi.

"Ranar ma ita ka sa?"

"Ita ce, Baba. Shi ya sa na zauna a kan ƙafata har na tashi."

"Ka zo sadakar bakwai jibi."

"Ba za su so ganina ba."

"Ba su na gayyata ba, kai na gayyata."

A hanyar dawowa na ce, "Saura wa?" Ya ce, "Saura ƙofa."

*

Ran bakwai, bayan azahar, falo ya cika, maza a tabarma, mata a bakin kicin. Malam Abdulai ya yi addu'a aka shafa. Yacouba bai shiga cikinsu ba, yana zaune a bakin ƙofa cikin tulin takalma kamar mai tsaronsu. Sai ga Mang.

Saani ya miƙe. "Wannan me ya zo yi? Ya dawo ɗaukar saura?"

"Zauna, Saani," in ji Yacouba. "Kai da ka ga yadda mutum ke kallon kabad ta bayan ƙeyarka, yau za ka ga abu da idonka."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko kujerar da tasar a kanta, ya ajiye a tsakiya. Ya ɗaga. Mata suka yi salati.

"An ce aljani ne, don ba yatsu. An ce Mang ne. Wanda ya taka da ƙafa tsirara zai bar yatsu biyar. Wanda ya taka da safa zai bar zanen saƙa, irin na buhu. Mang safa ya sa, mai huji kuma, da shi ne da kun ga babban yatsa a nan yana gaishe ku."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

"Wannan sumul yake, ba yatsa ba saƙa. Fata ce. Huffi ne, irin wanda mu tsofaffi muke sawa da sanyi don mu shafa a kai wajen alwala, ba sai mun tuɓe ba. Mutum huɗu ke da shi a ƙafa a ɗakin nan, har da ni."

Na ga tsofaffin suna janye ƙafafu ƙarƙashin riguna.

"Ku dubi dunduniya. Akwai faci mai kusurwa uku. Ɗinki tara ne a gefe, na bakwai ya karkace, don a nan basillata ta karye na sake wata. Na tuna ranar, ana ruwa." Ya juya a hankali. "Malam Abdulai, facin da na yi maka da kaka, ya riƙe kuwa?"

Hita ta ƙwanƙwasa sau biyu. Malam Abdulai ya ajiye carbi, ya sunkuya ya zare huffin dama, ya miƙa. Yacouba ya ɗora shi a kan sawun. Ya zauna daram.

"Sawu ya kawo ƙofa," in ji Yacouba. "Nawa ya ƙare." Ya koma cikin takalma ya zauna.

Shekara arba'in ina wasa da Abdulai irin na matar wa da ƙanin miji. Ni na goya masa 'ya'ya biyu. Ban san lokacin da na tsallake tabarmar maza na tsaya a kansa ba.

"Kai? Kai da ka zauna a nan kana jan carbi ana kiran bawan Allah ɓarawo?"

"Yaya, ki saurare ni."

"Ina suke?"

"Ni na wanke yaron nan. Ni na sa shi a rami. Na dawo na tuna akwai gumaka talatin da wani abu a saman kansa, ana masa sauka, mala'iku na tsaye a waje. Na ce in an tambaye shi fa? Na sa su cikin jakar tufafi na fita da su, da niyyar in zuba a shara."

"Ka zuba?"

"Na juya ɗaya, sai na ga Bismillahi a sama. Na juya na biyu, Bismillahi. Ni na koya masa ajami, ni na ce kada ya ɗora alƙalami a takarda bai fara da sunan Allah ba. Gaba gunki, baya sunan Allah. Ba na iya ajiyewa, ba na iya jefawa cikin ƙazanta. Kwana biyu gwangwanin yana gabana." Muryarsa ta sauka. "Sai na ce in yi yadda ake yi wa allo. In wanke rubutun, sannan in yar da hoton."

Na ji Shafa'atu ta riƙe ni ta baya.

"Ka wanke."

"Ba duka ba."

*

Gidansa layi biyu ne tsakaninmu. Yacouba da Mang suka raka shi, mu muka zauna muna jira. Suka dawo, Mang ɗauke da gwangwanin a hannu biyu, Abdulai rungume da kwalbar ruwa ta roba, cike da wani abu baƙi.

Na buɗe murfin. Ashirin sun nannaɗe kamar busasshen ganye, bayansu toka-toka, ba harafi ko ɗaya. Sha uku suna nan lafiya.

"Wannan fa?" Na nuna kwalbar.

"Ruwan wankin ne. Ba a zuba shi a magudana. Ina jiran ƙanƙara ta narke in sami gindin itace mai tsarki."

"Ka karanta kafin ka wanke?"

"Kau da kai nake yi. Sai na ashirin da ɗaya, idona ya faɗa a kan kalma. Na ga Inna. Na karanta shi, hannuna ya ƙi. Daga nan na kasa ci gaba, na kuma kasa dawo miki da su."

"To yau za ka iya. Tashi ka fara da wancan."

Ya tashi, dattijo mai furfura, ƙafa ɗaya ba huffi, ya je gaban Mang ya ce ya yafe masa, ya ji ana zarginsa ya yi shiru. Mang ya ce, "Ba komai, Baba." Na ce da komai. Na sa Saani ma ya tashi. Ya yi gunaguni, na ce ya ɗaga murya kabarin ubansa ya ji.

Sannan na zauna a kan baƙar kujerar, na zaro hoto na miƙa wa Abdulai. "Karanta. Da ƙarfi. Kai ka hana ni, kai za ka ba ni."

Hoton wani yaro ne zaune a kan dutse, ya ɗora ƙafa a gwiwa yana duba tafinta. Abdulai ya juya, ya gyara tabarau.

"Bismillahi. Inna, wannan ƙaya yake cirewa. Shekara dubu biyu yana nema bai same ta ba, don ba shi da ke. Kin tuna ranar da na taka ƙaya a hanyar Birni, kika danne ni da gwiwa kina tono da allura kina ce mini ɗan banza mai yawon tsiya? Har yau in tsayuwa ta dame ni a wurin aiki, wurin ne ke fara yi mini ciwo, sai in ji daɗi."

Mata suka yi dariya suna share hawaye. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na ce, "Karanta wanda ya tsayar maka da hannu."

Ya laluba ya zaro shi. Gefensa ɗaya ya jiƙe ya bushe. Mace ce zaune a kujera, saurayi tsaye a gabanta, sun riƙe hannu.

"Bismillahi. Inna, wannan dutsen kabari ne. Masana sun ce ba kullum ake gane wanda ya mutu ba, mai zaman ko mai tsayuwar. Na daɗe ina kallonsu. Ina ganin mai sassaƙar da gangan ya yi, don wanda ya tafi da wanda aka bari duk hannu ɗaya suke riƙe da shi. Ba bauta musu nake yi ba, Inna, Allah ya sani. Mutane ne da suka yi kewar nasu, ba su da abin faɗa sai dutse. In na riga ki, kada ki ce ba mu yi sallama ba."

Abdulai ya ajiye hoton. Na ce ya ci gaba. Ya karanta sha ukun duka, har la'asar ta kusa fita, ba wanda ya tashi.

*

Abin da nake so a sani ke nan. Mang bai ɗauki komai ba. Shafa'atu ba ta ɗauki komai ba. Ba aljani, ba fatalwa. Mutumin da ya fi kowa son ɗana bayana shi ya yi, don yana ganin ya fi ni sanin abin da ya dace da shi, bai kuma ga ya kamata ya tambayi jahilar tsohuwa ba. Ana ta zuwa ana ce mini niyyarsa mai kyau ce, in yafe. Niyyarsa tana tsakaninsa da Allah. Wasiƙa ashirin tana tsakaninsa da ni, kuma ban kai can ba tukuna.

Sha ukun, Fatsuma ta kwafe su da boko, na haddace su kamar fatiha. Ashirin ɗin da suka nannaɗe Mang ya danne su cikin littafi mai nauyi sun miƙe. Nakan jera su a kan gado in kalli mai fiffiken nan marar kai, in ce ko me ya ce mini a kanki? Ba ta da bakin faɗa.

Ranar da za su watse Abdulai ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar, wai zai kai ta gindin itace. Na buge hannun.

Tana nan a saman kabad, inda gwangwanin yake da. Kullum bayan asuba nakan hau baƙar kujerar in sauko da ita, in tsiyaya a murfi, in yi bismilla. Ɗanɗanon ƙaro ne da hayaƙi. Yacouba ya ce za ta ɓata mini ciki, na ce cikin nan shi ya ɗauki mai rubutun wata tara.

Karatu ban iya ba. Shan rubutu kuwa, tun ina yarinya na iya.